Wai ku ma kun ga zoben da ya kewaye rana yau?

Maman Hanifa: Salamu alaikum jama'ar gida, don Allah waɗanda ke Kano ku ɗan leƙa waje yanzu yanzu ku duba sama. Wani ƙaton zobe ne ya zagaye rana tas, cikinsa ya yi duhu-duhu bakinsa kuma da ɗan ja-ja. Nan layinmu duk an firfito, maƙociyata tun ɗazu take salati wai a je a ɗebo yara daga makaranta. Ga hoton da na ɗauka, ƙarfe 11 da ƴan mintuna.

Auta Na Wudil: Wa alaikumus salam, wlh nan Wudil ma ga shi nan muna kallo, har masu kifi sun bar kayansu suna ɗaga kai.

Ƴar Zazzau: Mu kam Zariya babu komai sai uban zafi, na fita na duba sama fes take.

Ɗan Baiwa: To Alhamdulillahi rana ma ta samu miji an saka mata zobe, mu ne dai har yau shiru. Allah ya sa alheri, a sanar da mu ranar ɗaurin aure.

Maman Hanifa: Kai dai ba ka da dama Ɗan Baiwa, mutane na cikin tashin hankali kana wasa. Yanzu ma aka turo min wata odiyo a gurup ɗin ƴan uwa, wani yana rantsuwa wai alama ce ta babban mutum zai rasu kafin sati ya zagayo, wai a yi ta sadakar ƙosai.

Hajiya Yaya: Ƴata kwantar da hankalinki ba yau aka fara ba. Mu tun muna yara in aka ga haka sai manya su ce rana ta yi sansani, da dare kuma a ce wata ya yi sansani, kuma na wata ma an fi gani tunda shi ana iya kallonsa ido da ido. Kakata takan ce ko sarki zai faɗi ko yaƙi na tafe, wata tsohuwar gidanmu kuma ta ce a'a damina ce za ta yi albarka, su yi ta musu a tsakar gida mu muna dariya. Na gani ba adadi, gani nan har da jikoki.

Abu Sumayya: Jama'a mu ji tsoron Allah da yaɗa irin waɗannan odiyoyin. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah SAW ya rasu an yi kusufin rana a Madina, mutane suka ce don rasuwarsa ne, Manzon Allah da kansa ya tashi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. To in kusufi gaba ɗaya bai zama sanarwar mutuwar ɗan Annabi ba, ina ga zobe, kuma don wane babban mutum? Sadaka alheri ce kullum amma kar a ɗaura ta a kan ƙarya.

Auta Na Wudil: Allah ya gafarta Malam to za a yi sallar kusufi ne ko yaya? don wani a nan yana ta cewa a kira liman

Abu Sumayya: A'a Auta, wannan ba kusufi ba ne. Kusufi wata ne ke shiga tsakaninmu da rana ya tare ta, irin na watan Maris 2006 da gari ya yi duhu da safe a Gusau da Katsina. Yau ranar tana nan cikakkiya ba abin da ya taɓa ta. Ka yi tasbihi ka koma kasuwarka.

Injiniya Ƙarami: Ni fa gsky ina ganin kamarar waya ce kawai, ko yaushe ka nuna wa rana waya sai ta fito maka da wasu zagaye-zagaye da ɗigo kore. Mutane sun cika ɗaukar abu da zafi.

Maman Hanifa: Haba Injiniya, da idona na gani kafin in ɗauko wayar, ko idon nawa ma kamara ce?

Tsohon Ticha: Injiniya abin da kake faɗa akwai shi amma raba su ba wuya. Ka matsa inda gini ko hasumiyar masallaci za ta rufe maka ƙwayar ranar ita kaɗai, sai ka ɗauka. In na gilashin kamara ne ɓacewa zai yi nan take, kuma in kana juya wayar za ka ga yana yawo cikin hoton. Na sama kuwa yana nan daram, ƙara fitowa ma zai yi. Hoton Maman Hanifa na sama ne, dubi yadda reshen darbejiyar nan ya shiga gabansa ya yanke shi.

Abin da ke kawo shi kuma ƙanƙara ce. Ku lura da saman Kano yau ba shuɗiya ba ce sosai, ta yi fari-fari, akwai wani siririn girgije shara-shara da ya shimfiɗu can sama wanda rana ke ratsa shi har inuwarka ta fito. Wannan girgijen ba ɗigon ruwa ne a cikinsa ba, ƴan mitsi-mitsin ƙanƙara ne, su ne ke karkatar da hasken.

Ɗan Baiwa: Ticha da girmanka, ƙanƙara a Kano a wannan watan? mu da muke sayen ta ƙulli ɗaya kamar zinare, fanka ma iskar wuta take hurowa. In akwai ta a sama don Allah a sauko mana da ita.

Alhaji Mai Taya: Yaro Ticha gaskiya ya faɗa maka. Duk wanda ya hau jirgi zuwa Jidda ya kalli ɗan allon nan da ke bayan kujera zai ga ana rubuta sanyin waje, mun tashi daga Kano gumi na zuba amma da jirgi ya daidaita a sama sai na ga an rubuta 40 da wani abu ƙasa da sifili, har na tambayi na kusa da ni ko allon ya lalace ne.

Tsohon Ticha: Yauwa Alhaji ka hutar da ni. Duk kilomita ɗaya da ka hau sama zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Ko ƙasa tana 40, kafin ka kai kilomita 7 ka iso inda ruwa ke daskarewa, shi kuwa wannan girgijen a ƙasashenmu na zafi yana zama ne wajen kilomita 10 zuwa sama, can sanyi ya wuce 30 ƙasa da sifili ko a tsakiyar bazara. Shi ya sa dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya, mita 5,895, yake da ƙanƙara a kansa alhali yana dab da tsakiyar duniya. Kuma ƙanƙarar da kan zubo da ruwan farko ta fasa wa mutane kwano a Jos daga ina kuke zaton take?

Ƴar Zazzau: To ni tambayata Malam, ba bakan gizo ba ne kawai ya zagayo ya haɗe? tunda na ga kala a hoton

Tsohon Ticha: Ba shi ba ne ƴata. Bakan gizo in za ki gan shi sai kin ba rana baya, da la'asar yana gabas da safe yana yamma, ɗigon ruwan sama ne ke yin sa, kuma jan yana ta waje. Wannan kuwa sai kin fuskanci ranar, jan yana ta ciki, wajen kuma ya tafi fari-fari da ɗan shuɗi ya narke, kalarsa ba ta taɓa kai ta bakan gizo kyau ba.

Bari in ɗan yi dogon bayani wanda ya gaji ya wuce. Ruwa in ya daskare a sama ba dunƙulewa yake yi yadda ya ga dama ba, gefe shida yake fitarwa, ku ɗauki fensirin ɗan makaranta ku duba jikinsa, to haka, sai dai ƙanana ne ƙwarai da ƙyar ido zai ga ɗaya. Haske ya shiga ta gefe ɗaya, ya tsallake na kusa da shi ya fita ta na gaba, a nan sai ya karkace daga hanyarsa. Abin da ya sa ake samun zobe shi ne karkacewar nan tana da iyaka ta ƙasa, duk yadda ƙwayar ta juya ba za ta karkatar da haske ƙasa da digiri 22 ba, kuma mafi yawan hasken a daidai nan wajen 22 ɗin yake taruwa, kaɗan ne ke wuce haka. To miliyoyinsu na warwatse a sama kowace ta kalli inda ta kalla, waɗanda suka faɗo daidai digiri 22 tsakaninsu da rana ta kowane ɓangare su ne ke jefo miki haske a ido, da kin haɗa su kin sami da'ira. Cikin da'irar kuma ba mai jefo miki komai shi ya sa Maman Hanifa ta ga ya yi duhu, ba wai wani abu ne ya rufe wurin ba, bakin ne ya fi shi haske. Ja ya fi kowace kala ƙin karkacewa shi ya sa ya tsaya daga ciki.

Kuma girmansa ba ya canzawa. Miƙa hannunki gaba sosai ki ware yatsu, ki rufe ranar da babban yatsa, ƙaramin zai sauka kusan a bakin zoben, taƙi ɗaya ke nan. Ko a Kano ko a Makka ko a Sin haka za ki samu, na wata ma haka.

Auta Na Wudil: Na gwada wlh haka ne!! taƙi ɗaya cif. Amma Ticha ya aka yi ina Wudil tana Kano kuma duk muna ganin rana a tsakiyar zoben, ai kamata ya yi ni in gan shi a karkace

Tsohon Ticha: Tambaya mai kyau. Ai ba abu ne da aka rataye a wuri ɗaya ba, kai ƙanƙarar da ke saman Wudil ce ke yi maka naka, ita ta saman unguwarsu ke yi mata nata, ko mutum biyu a tsakar gida ɗaya ba ƙwayoyi ɗaya ne ke haska musu ido ba. In ka yi tafiya ya bi ka. Zariya kuma girgijen bai kai can ba shi ya sa ba su gani ba.

Anti Nas: Don Allah kafin ku ci gaba da gwaje-gwajen nan, KAR WANDA YA KALLI ƘWAYAR RANA. Na ga ana ta turo hotunan yara sun ɗaga kai suna ƙifta ido. Rana tana ƙona bayan ido kuma wurin ba ya jin zafi, yaro ba zai yi kuka ba, sai daga baya ya ce yana ganin baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani ya warke a hankali wani ya zauna da shi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, fim ɗin hoton ƙashi ma da ake cewa ba ya karewa. A tare ta da tafin hannu ko gini sannan a kalli gefe, in ba haka ba a haƙura a kalli hoton.

Baffan Gumel: Assalamu alaikum, yaro ne ke rubuta min. Duk na ji bayanin Malam kuma na gode. Ni abin da ya dame ni ɗaya ne, mu nan mun gan shi jiya da hantsi yau ma ya ɗan fito, kuma mahaifina Allah ya jiƙansa in ya ga rana ta yi sansani a irin wannan lokaci cewa yake a gyara sungumi ruwa ya kusa. Ina da niyyar in yi binne a gonar jigawa gobe. To Malam tunda ka ce girgije ne, ai maganar tsoho ta fito ke nan ko?

Tsohon Ticha: Amin Baffa, Allah ya jiƙan magabata. Ni dai ba zan ce ka zuba irinka a ƙasa saboda zoben nan ba. Abin da yake shaida maka kawai akwai ƙanƙara a kilomita 10 saman kanka, bai ce komai a kan gonarka ba. A Turai maganar tana da ƙarfi don su ruwansu wani irin tsari gare shi, siririn girgijen nan ne ke fara isowa, ya yi ta kauri yana saukowa, cikin kwana ɗaya ruwa ya biyo baya, har manomansu da matuƙan jirgin ruwa suna da karin magana a kai, kuma ko can ba kullum take cika ba. Mu namu ruwan hadari ne, ya haɗu a gabas ya taso da iska da ƙura ya zuba ya wuce yamma. Kan hadarin yana kaiwa kilomita 15, can saman duk ƙanƙara ce, sai iskar sama ta kwashe ta ta shimfiɗa ta ɗaruruwan kilomita. Wanda muka gani yau zai iya zama saurar hadarin da ya riga ya zubar da ruwansa jiya a wani wuri can kudu ko gabas, mu guntun kawai ya iso mana.

Baffan Gumel: To ai Malam ka dawo kan maganata, in ana ruwa a kudu ai mu ma yana tafe. Mu ba da abu ɗaya muke duba ba, shamuwa ta iso tana kan kukar bayan gari, iska ta juyo daga kudu maso yamma da dare, gawo ya fara zubar da ganye, kaza da ƴaƴanta sun ɓace a sama. In aka haɗa da sansanin nan me ya rage?

Ɗan Maraɗi: Baffa ina gaisuwa. Ni ina bayan Ticha ga wagga magana. Mu nan cikin hunturu ma muna ganin abin ga, watan Janairu, sanyi na kashe mutane, ko ɗigo ba a yi sai bayan wata huɗu ko biyar. In da alamar ruwa ce mi ya kawo shi lokacin? Kuma binne caca ce Baffa, in aka yi ɗan yayyafi iri ya tsira sannan ruwa ya ɗauke sati biyu shi ke nan an yi asara, ga iri da tsada bana. Mutanen meteyo masu hasashen yanayi da na cibiyar yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ma'aunin da suka saba aiki da shi, sai an samu milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a yi dogon fari ba cikin kwana 30 da ke biye, sannan su ce damina ta kama.

Baffan Gumel: Ɗana ai in zan jira kwana 30 in tabbatar, maƙwabta sun yi noman fari ni ina zaune da takarda. Binne tun kakanni ake yi kuma gero ya san jigawa, yana iya kwana da kwanaki a busasshiyar ƙasa ba abin da ya same shi.

Ɗan Maraɗi: In ɓera da zabbi da tururuwa sun bar maka shi ba

Tsohon Ticha: Ku tsaya, Baffa yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Zoben yana yawaita in damina ta gabato saboda hadari ya fara tashi a kudancinmu yana aiko da irin wannan girgijen, don haka tsohon da ya lura da haka bai yi ƙarya ba, lokaci yake karantawa. Shamuwa da juyawar iska ma sun fi zoben ƙarfi nesa ba kusa ba, don iskar kudu maso yamma ita ce ke ɗauko laima daga teku, in ba ta kafu ba babu damina. Inda na tsaya shi ne a ce an ga zobe yau saboda haka za a yi ruwa jibi a Gumel. Na hunturun da Ɗan Maraɗi ya faɗa kuma wata iska ce mai ƙarfi can sama ke janyo girgijen daga tekun Atlantika ta ratsa da shi ta kanmu zuwa hamada, ƙasa kuwa a bushe ƙamas. Baffa ka sa yaron ya duba maka hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, na jiharku, suna fitar da na damina tun farkon shekara har da lokacin da ake sa ran kamawarta ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

Abu Sumayya: Ƙarin bayani kaɗan tunda an shigo maganar taurari. Duba alama a ce bisa al'ada in an ga kaza ruwa kan biyo baya da izinin Allah, wannan ba laifi, kamar ganin hadari ne. Abin da aka hana shi ne jingina ruwan ga tauraron kansa, kamar yadda ya zo a hadisin Zaidu bin Khalid a Hudaibiyya. Baffa na san ba haka yake nufi ba, don masu karatu na faɗa.

Ɗan Kanada: Slm jama'a yanzu na tashi na tarar da saƙo sama da ɗari. Ku da kuka ga zobe ɗaya kuka rikice da kun zo Winnipeg a watan Janairu fa? wlh rana uku za ka gani reras da safe, ta gaske a tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu, masu haske har da ja ta ɓangaren da ke kallon ranar. Nan in sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili ƙanƙarar ba sai can sama ba, a gabanka take yawo tana ƙyalli a iska, da dare kuma kowace fitilar titi sai ka ga haske ya miƙe daga kanta zuwa sama. Ƴan garin ko ɗaga kai ba sa yi, in sun gani cewa suke yau a ƙara riga.

Ɗan Baiwa: Rana uku?? mu ɗaya ma ta ishe mu wlh, ku riƙe biyun

Tsohon Ticha: Ɗan Kanada wannan ƙanƙarar ce dai amma wani yanka daban. Koma kan fensirin nan, in ka yayyanka shi siriri-siriri za ka sami ƴan fale-fale masu gefe shida, su in suna saukowa a kwance suke zuwa ba sa juyawa barkatai, to tunda duk sun kwanta iri ɗaya sai hasken ya taru a wuri biyu kawai, dama da hagu, daidai tsayin ranar. Mu ma ana samu a nan amma sai rana tana ƙasa-ƙasa, da hantsi ko bayan la'asar, tana yin sama suna matsawa nesa da zoben suna dusashewa, in ta wuce digiri 60 babu su sam. Mu kuwa ranarmu da gudu take hawa, wajen digiri 15 duk awa, ga hazo da ƙura a gindin sama, shi ya sa ba a cika lura ba.

Hajiya Yaya ta ce tsofaffin gidansu ɗaya ta ce yaƙi ɗaya ta ce albarka, to Turawa ma haka suka yi ta yi. A 1461 ana yaƙin gadon sarauta a Ingila, da safiyar wata gwabzawa a wurin da ake kira Mortimer's Cross aka ga rana uku, sojoji suka tsorata, jagoransu Edward ya ce musu alamar nasara ce, aka yi sa'a ya ci yaƙin ya zama sarki, har ya mai da rana tambarinsa. Waɗanda aka kashe a ɗaya ɓangaren su ma fa rana ukun nan suka gani. A Stockholm babban birnin Sweden kuma ranar 20 ga Afrilu 1535 sama ta cika da zobba da baka-baka na wajen awa biyu, gari ya ɗauka fushin Allah ne a kan sarki Gustav Vasa, aka sa mai zane ya zana abin, kwafin zanen na nan rataye a babbar cocin birnin har yau. Sarkin kuwa sai da ya ƙara shekara 25 a kan mulki.

Injiniya Ƙarami: Ni na taɓa ji an ce duk wannan ilimin Musulmi ne suka gano shi Turawa suka kwashe

Tsohon Ticha: A ba kowa haƙƙinsa. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi rubutu na musamman a kan zoben nan da bakan gizo, kuma aikinsa a kan haske da gani shi ne tubalin da na baya suka hau. Kamaluddin Alfarisi ya zo bayansa da kusan shekara 300 ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi hanyar haske a ciki ya warware bakan gizo daidai. Amma cewa ƙanƙara mai kusurwa ce ke yin zoben digiri 22, wannan wani Bafaranshe ne Mariotte ya kawo shi a ƙarshen ƙarni na 17. Kafin su duka Aristotle ma ya yi magana a kai.

Ƴar Gwale: Malam duba wannan hoton don Allah, ni ban ma lura da zoben ba sai daga baya, abin da na fara gani wannan ne, wani zare mai kala bakwai a miƙe ta gabas ƙasa da rana sosai, kalarsa ta fi ta zoben kyau nesa. Wajen 11 saura ne.

Tsohon Ticha: Kai masha Allah, ke kika tsinci dami a kala yau. Wannan ƴan fale-falen nan ne na kwance, haske ya shiga ta gefensu ya fita ta ƙasansu, sai ya ba da baka a miƙe, ja a sama, wajen taƙi biyu ƙasa da rana. Ba ya fitowa sai rana ta haura digiri 58, shi ya sa wanda ke arewacin Turai sama da layin digiri 55 ba zai taɓa ganinsa a garinsu ba don ranarsu ba ta kai nan, mu kuwa kusan duk shekara tana kaiwa in ka cire tsakiyar hunturu. Yana da ɗan uwa da ke fitowa can tsakiyar sama in rana ta yi ƙasa da digiri 32, shi kuma a kife yake, ƙafafunsa sama, mutane kan ce bakan gizo ya juye. In girgijen nan bai watse ba ku duba saman kanku wajen ƙarfe 5.

Hajiya Yaya: To Malam wanda muke gani da hunturu fa, rana ta yi fari fat da wani haske kewaye da ita har kana iya kallonta?

Tsohon Ticha: Wannan hazo ne Hajiya, ƙurar da iska ke ɗebowa daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele a Chadi. Ƙura ba ta da gefe shida, watsa hasken kawai take yi ya zama fari a jikin ranar, babu da'ira mai baki babu duhu a ciki. Haka ƴan ƙananan zobba masu kala da kan manne wa wata in siririn girgije ya gifta, su ma daban ne, ɗigon ruwa ne. In ba ki ga tazarar taƙi ɗaya ba to ba shi ba ne.

Anti Nas: Kuma ko da hazon Hajiya kar a kalle ta don Allah

Auta Na Wudil: Ƙarfe 5 ta yi na duba har wuyana ya ƙage babu komai Ticha, saman ma ta washe

Tsohon Ticha: Girgijen ya wuce ke nan, sai wani jiƙon.

Ƴar Zazzau: Ina kwananku jama'a. To ga labari, jiya wajen ƙarfe 2 na dare aka tafka ruwa a Zariya har da iska, mu da ba mu ga zoben ba. Kano fa?

Maman Hanifa: Mu ƙura kawai muka sha, iska ta taso kamar gaske muka kwashe shanya, ko ɗigo

Baffan Gumel: To Malam ka ji, ban ce muku ruwa na kusa ba?

Tsohon Ticha: Baffa ranka ya daɗe a Gumel ka ce, Zariya kuma tana kudu maso yamma da kai, hadarin da ya sauka can ya riga ya ba ka baya, ba ya dawowa gabas.

Baffan Gumel: Wani na bayansa. Na dai binne rabin jigawar da safen nan, rabin na bari saboda ku. Ɗan Maraɗi nawa ake sai da tiyar irin gero ɗan gajere a wajenku, in da sauƙi zan aiko yaro ta Maigatari ranar Alhamis.